Amsoshin Tambayoyinku: Shin Ajiye Shuke-shuke a Ɗaki na Ƙara Lafiya?

Tambaya: Ni ma'aikaciya ce, ina zaune a gidan haya, ciki da falo, ba ni da tsakar gida. Kwanan nan na fara ajiye furanni a tukwane, wasu a falo, wasu a uwar ɗaki. Ƙawata ta ce suna tsaftace iska kuma suna kwantar da hankali. Surukata kuwa cewa ta yi in fitar da su, wai suna shanye wa mutum iska da dare, sannan suna tara sauro. Don Allah maganar wa zan ɗauka? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Ƙawarki da surukarki kowacce tana da inda ta yi gaskiya, da kuma inda maganarta ke bukatar gyara. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Batun tsaftace iska ya samo asali ne daga binciken da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1989, ƙarƙashin jagorancin Dokta Wolverton. An sa shuke-shuke a cikin akwatuna rufaffu ruf, aka cika su da sinadarai masu guba irin waɗanda ke tashi daga fenti da gam ɗin katako da hayaƙin taba. Da aka auna, sai aka tarar sinadaran sun ragu. Sakamakon gaskiya ne, amma ɗakinki ba rufaffen akwati ba ne, iska na shiga tana fita ta taga da ƙofa. A 2019 wasu masana biyu na Jami'ar Drexel da ke Filadelfiya sun sake bin diddigin irin waɗannan gwaje-gwaje. Lissafinsu ya nuna sai an cusa shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita ɗaya kafin su yi aikin da shige da ficen iska ke yi a gini. Saboda haka tukwane huɗu ko biyar ba za su kawar da hayaƙin gawayi ko na janareto ko na maganin sauro ba. Maganin wannan shi ne buɗe taga, da ajiye janareto a waje nesa da ɗaki.

Inda ƙawarki ta yi gaskiya shi ne kwanciyar hankali, kuma a nan amfanin yake. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya duba takardun majinyata 46 da aka yi wa tiyatar cire maɗaciya a wani asibiti a jihar Pensilbaniya. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon bishiyoyi, rabi kuma bangon bulo kawai suke gani. Masu kallon bishiyoyi sun yi kimanin kwana 8 bayan tiyata, su kuwa masu kallon bango sun doshi kwana 9, kuma sun fi shan maganin rage zafi mai ƙarfi. A 2015 an gwada samari 24 a Koriya ta Kudu, aka ba su aiki iri biyu: sauya wa shuka tukunya, da wani aiki a kwamfuta. Bayan aikin shukar, an ga hawan jininsu ya fi sauka, su ma da bakinsu sun ce sun fi jin natsuwa. Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, amma duk hanya ɗaya suka nufa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idon da ya wuni a kan waya da kwamfuta yana samun hutu idan ya sauka a kan koren ganye. Sannan rainon shuka na ba mutum wani ɗan aiki na kullum da ba ya bukatar gaggawa. Da safe ki tura yatsa cikin ƙasar tukunya ki ji ko ta bushe, ki tsinke busasshen ganye, ki goge ƙurar hunturu da jiƙaƙƙen tsumma. Wata rana sai ki ga sabon toho ya leƙo a naɗe, bayan kwana biyu ya buɗe. Wannan ƙaramin farin ciki yana da daraja, musamman ga tsofaffi da masu zaman kaɗaici. Iyayenmu sun san da haka tun da daɗewa, shi ya sa ba a rasa lalle ko zogale ko ɗoɗɗoya a tsakar gida. Sai dai shuka ba ta maye gurbin likita. Mai hawan jini kada ya bar maganinsa, wanda kuma damuwa ta hana shi barci da cin abinci ya je asibiti.

Mu dawo ga maganar surukarki. Haka ne, da dare shuka na shaƙar iskar oksijin tana fitar da wadda muke fitarwa, amma abin da take sha bai taka kara ya karya ba. Yaro ɗaya da ke kwana a ɗakin ya fi tukwanen naki duka shan iska. Wannan kada ya dame ki.

Batun sauro kuwa, ki ba ta gaskiyarta. Ba ganyen ke kawo shi ba, ruwan da ke kwanciya a farantin ƙarƙashin tukunya ko a kwalbar fure ne. Baƙin sauron nan mai ratsin fari a ƙafa, wanda ke cizo da rana kuma yake yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, a irin wannan ɗan ruwan yake ƙwai, cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro. Ki riƙa zubar da ruwan kina wanke farantin aƙalla sau ɗaya a mako. Kada kuma ki yawaita ban ruwa, domin ƙasar da ba ta bushewa tana yin fumfuna, wadda ke tayar da asma da atishawa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma ya wajaba mu faɗa idan akwai yara a gidan. Wasu furannin ado guba ne. Difenbakiya, mai faffaɗan koren ganye da ɗigo-ɗigon fari, idan yaro ya tauna ta bakinsa zai yi raɗaɗi, harshe da maƙogwaro su kumbura. Kariya, mai kaurin gindi da fure ja-ja, ruwanta na taɓa zuciya. Irin waɗannan a ɗora su inda hannun yaro ba ya kai, idan kuma ya ci, a garzaya da shi asibiti tare da ganyen.

Shawararmu ita ce ki bar furanninki, ki ajiye su kusa da taga inda za su samu haske. In za ki ƙara, ki fara da masu jure zafi da ƙarancin ruwa irin su alobera, ko masu shiga tukunyar miya da shayi kamar ɗoɗɗoya da na'ana'a. Ki yi wa surukarki bayani cikin ladabi, ki kuma nuna mata cewa kin ɗauki gargaɗinta a kan ruwan kwance. Allah Ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.