Datse Shuka Bayan Ta Gama Fure: Yaushe, Kuma Ta Yaya?

Koken da ke yawan fitowa daga masu shuka fulawa a tsakar gida ko harabar makaranta shi ne: ta yi fure tsaf a farkon damina, ana shiga watan Satumba sai ta tsaya, ta yi tsawo ta rame. Nan take sai a ɗora laifin a kan ƙarancin taki. Sau da yawa takin bai gaza ba, an dai bar busasshen fure ne a jikinta.

Shuka tana yin fure ne domin ta samar da iri. Da zarar furen ya bushe, ƙwaya ta fara ƙulluwa a gindinsa, sai ta karkata abincinta can, ta rage fitar da sabon fure. Manomi ya san haka a gonar kuɓewa: in ana tsinka duk bayan kwana 2 ko 3 za ta yi ta haihuwa, in aka bar 'ya'yan suka ƙosa a jiki sai ta ja baya. Haka furannin marigol da ziniya suke. Saboda haka duk mako ku zagaya, furen da ya yanƙwane ku bi sandarsa zuwa ganyen farko mai lafiya, ku yanke kaɗan a samansa. A hammatar ganyen nan akwai ido, daga nan sabon reshe zai tofo. Kada ku fizge kan furen kawai ku bar sanda tsirara, bushewa za ta yi. Ku ware gindi 1 ko 2 mafi kyau ku bar su su nuna, su ne irin baɗi.

Bugenbiliya kuwa, wadda ke hawa katanga, a sababbin rassa take fure, kuma ta fi yi da rani. Idan ta zubar, ku rage dogayen rassan, kada ku cire fiye da kashi 1 cikin 3 a lokaci guda.

Inda na fi son a mai da hankali shi ne lalle da zogale, domin ana samun su a gidajen ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum. Lallen da aka ƙyale yakan zama itace mai ƙaya, ya cika da 'ya'ya, ganye ya yi ƙaranci, alhali ganyen ake nema. A Sojat ta ƙasar Indiya, wadda ta shahara da noman lalle, sare rassan suke yi ƙasa-ƙasa lokacin girbi, gindin ya sake tofowa. Ku ji daɗin ƙanshin furen, amma da ya fara 'ya'ya ku datse. Zogale kuma in ba a tare shi ba sai ya miƙe sama ya fi ƙarfin hannu. Ku sare kansa a tsawon mita 1 zuwa 1 da rabi, zai yi rassa da yawa, uwar gida ta tsinka tana tsaye. Abin takaici ne a ga zogale ya wuce rufin ɗaki, masu gida kuma suna sayen ganye a kasuwa.

Babban sara ya fi dacewa da faɗuwar damina, wajen watan Yuni. Sara a tsakiyar bazara, inda babu ban ruwa, yana iya kashe shukar. A yi amfani da wuƙa ko almakashi mai kaifi, a yi yankan a karkace don kada ruwa ya kwanta, a goge ƙarfen bayan an taɓa shuka mai ciwo. Reshe mai ciwo a ƙone shi.

Ban da zoborodo da mangwaro da lemo a wannan aiki na cire fure, domin abin da ke biyo bayan furen shi ne amfaninsu.

Sai kuma abin da ya shafi yankin Anka da Gummi da Bukkuyum musamman. Tungar Daji na cikin ƙauyukan da gubar dalma ta shafa a 2010. Kada a ɗebo ƙasar shuka daga wurin da aka taɓa niƙa ko wanke dutsen zinariya, kuma ganyen zogalen da kuka datso a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta kafin ya shiga tukunya.