Darasin Iyali: Masu Fataucin Ƙwaya da Kasuwar Kayan Jabu

Gabatarwa

A wajajen shekarar 2010, wanda ya shiga kasuwa a wasu garuruwan ƙasar Meksiko domin sayen faifan fim mai araha yakan tarar da wani ɗan tambari a jikin faifan. Wani faifan yana ɗauke da harafin Z ko hoton ingarman doki, wani kuma hoton malam-buɗe-littafi. Waɗannan tambura ba na kamfanonin da suka shirya finafinan ba ne. Doki da harafin Z alamar ƙungiyar Los Zetas ce, malam-buɗe-littafi kuwa na ƙungiyar La Familia Michoacana. Dukansu biyu ƙungiyoyin masu fataucin miyagun ƙwayoyi ne da suka yi ƙaurin suna wajen zub da jini. Tambarin yana nuna cewa faifan ya fito daga hannunsu, ko kuwa an biya su haraji a kansa. Ɗan kasuwar da aka samu yana sayar da faifai marasa tambari a yankinsu ya jawo wa kansa fitina.

A watan Fabrairu na 2011, a wani taron duniya kan yaƙi da kayan jabu da aka yi a birnin Paris na Faransa, wani babban lauyan kamfanin Microsoft ya nuna wa mahalarta jabun faifan manhajar Office da aka sayo a Meksiko. A jikinsa akwai haruffan FMM, wato sunan La Familia a taƙaice. Masu sayar da hodar iblis sun shiga sana'ar sayar da manhajar kwamfuta.

Manufar wannan darasi ita ce iyali su fahimci abin da ya kai masu fataucin ƙwaya cikin irin waɗannan sana'o'i, su kuma gane yadda kuɗin mutumin kirki kan iya ƙarewa a aljihun mai kisan kai ba tare da ya sani ba.

Daga fataucin ƙwaya zuwa mallakar yanki

Da farko aikin ƙungiyoyin Meksiko shi ne dako. Suna karɓar hodar iblis daga 'yan Kolombiya, su tsallakar da ita zuwa Amurka, a biya su lada. Bayan an kashe Pablo Escobar a 1993, aka kuma karya manyan ƙungiyoyin Kolombiya a tsakiyar shekarun 1990, sai 'yan dakon suka zama iyayen gida.

A ƙarshen shekarun 1990 shugaban ƙungiyar Gulf, Osiel Cárdenas Guillén, ya ɗauki waɗansu sojoji na musamman da suka gudu daga rundunar Meksiko, ya mai da su masu tsaronsa. Su ne suka zama Los Zetas, kuma a 2010 suka ɓalle suka tsaya da ƙafarsu. Gwanintarsu ta bindiga ce, saboda haka suka ɗauki wata hanya dabam. Sukan kama gari ko yanki, sa'an nan su ɗora haraji a kan duk abin da ke kawo kuɗi a cikinsa, na halal da na haram. A Meksiko ana kiran wannan haraji derecho de piso, ma'ana kuɗin wurin da mutum yake tsaye.

Wani abu ya ƙara rura wutar. A watan Disamba na 2006 Shugaba Felipe Calderón ya tura dubban sojoji jihar Michoacán, daga nan yaƙi da masu fataucin ƙwaya ya bazu cikin ƙasar. Duk lokacin da aka kama ko aka kashe wani babban shugaba, ƙungiyarsa takan tsage gida biyu ko uku. Ƙananan gungun da suka fito ba su da hanyoyin kai kaya ƙetare, amma suna da makamai da yaran da za a biya albashi. Sai suka juyo kan mutanen garinsu.

Me ya sa kayan jabu?

Akwai dalilai da suka sa satar fasaha da kayan jabu suka yi wa waɗannan ƙungiyoyi daɗi. Na ɗaya, ribar tana da yawa. Wanda ya kwafi fim bai biya ɗan wasa ko marubuci ba, kuɗin faifai kawai ya kashe. Na biyu, hukuncin yana da sauƙi. Wanda aka kama da hodar iblis zai yi shekaru a kurkuku, amma wanda aka kama da buhun faifai sau da yawa ƙwace kayan ake yi a ci shi tara. Na uku, cinikin na tsabar kuɗi ne a dubban rumfuna, saboda haka yana da sauƙi a cakuɗa kuɗin ƙwaya da kuɗin kasuwa har a rasa gane asalinsu. Na huɗu, kuma shi ne ya fi shafar iyali, mai saye ba ya jin ya yi laifi. Uwar da ba za ta taɓa yarda a shigo da tabar wiwi gidanta ba takan saya wa 'ya'yanta faifan jabu da zuciya ɗaya.

Kasuwar ba ƙarama ba ce. Wani rahoto da ƙungiyar OECD da ofishin kare haƙƙin fasaha na Tarayyar Turai suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2016 cinikin kayan jabu tsakanin ƙasashe ya kai dala biliyan 509, wato kashi 3.3 cikin ɗari na cinikin duniya. A Italiya ma an daɗe da sanin ƙungiyar Camorra ta birnin Naples da haɗa fataucin ƙwaya da jabun tufafi da jakunkuna. Da intanet ta yaɗu, cinikin faifai ya ja baya, amma ƙungiyoyin ba su rasa abin yi ba.

Sauran sana'o'in

Man fetur. Ɓarayi sukan huda bututun kamfanin mai na gwamnati, Pemex, su kwashi mai su sayar da araha a gefen hanya. Ƙungiyar Santa Rosa de Lima ta jihar Guanajuato da wannan ta ginu, kuma an kama shugabanta a watan Agusta na 2020. A ranar 18 ga Janairu, 2019, wani bututu da aka huda a garin Tlahuelilpan na jihar Hidalgo ya kama da wuta yayin da jama'a suke ɗibar mai da jarkoki. Mutum 137 suka rasu.

Amfanin gona. Michoacán ita ce babbar mai noman fiya a duniya, tana kuma noma lemun tsami mai yawa. Ƙungiyoyin sun ɗora wa manoma haraji a kan gona da kuma kayan da aka girbe, wani lokaci har su ne ke faɗin ranar da za a yi girbi. Da abin ya ishi manoma, a 2013 suka ɗauki makamai suka kafa ƙungiyoyin kare kai. A watan Fabrairu na 2022 Amurka ta dakatar da shigo da fiya daga jihar na 'yan kwanaki, bayan an yi wa wani jami'inta mai duba kaya barazana.

Ma'adinai. Ƙungiyar Caballeros Templarios, wadda ta fito daga cikin La Familia a 2011, ta shiga haƙar tama tana tura ta ƙasar Sin ta tashar jiragen ruwa ta Lázaro Cárdenas. A watan Nuwamba na 2013 sai da gwamnati ta tura sojoji suka karɓe tashar.

Mutane. Baƙin hauren da ke ratsa Meksiko zuwa Amurka sun zama haja, ana sace su domin kuɗin fansa. A watan Agusta na 2010 aka gano gawawwakin 72 daga cikinsu a wata gona a San Fernando, jihar Tamaulipas, aikin Los Zetas. Shekara guda bayan haka, a ranar 25 ga Agusta, 2011, 'yan ƙungiyar suka cinna wa wani gidan caca wuta a birnin Monterrey saboda rikicin harajin dole. Mutum 52 suka mutu, yawancinsu mata.

Magani. A nan ne jabu da ƙwaya suka haɗu wuri ɗaya. Ƙungiyoyin Sinaloa da Jalisco suna buga ƙwayoyi masu kama da maganin kashe zafi na asibiti, launi da tambari duk iri ɗaya, amma a cikinsu akwai sinadarin fentanil, wanda miligiram 2 kacal na iya kashe mutum. A shekarun 2021, 2022 da 2023, fiye da mutum 100,000 ne suka riƙa mutuwa kowace shekara a Amurka ta dalilin shan ƙwaya fiye da kima, kuma mafi yawansu irin wannan sinadari ne ya kashe su. A watan Fabrairu na 2025 gwamnatin Amurka ta sa manyan ƙungiyoyin Meksiko shida cikin jerin ƙungiyoyin ta'addanci.

Rigar addini

Akwai abin da ya kamata masu bi su lura da shi a tarihin La Familia. Ɗaya daga cikin shugabanninta, Nazario Moreno González, ya riƙa nuna kansa a matsayin mai ibada. Ya rubuta wani ɗan littafi na wa'azi da aka wajabta wa yaransa karantawa, ya hana su shan ƙwayar da suke sayarwa, ƙungiyar kuma ta riƙa raba kyautai ga matalauta. Duk da haka ita ce a 2006 ta jefa kawunan mutum biyar a wani gidan rawa a garin Uruapan, tare da takardar da ke kiran kisan hukuncin Allah. Sojoji sun kashe Moreno a watan Maris na 2014. Kyautar mai laifi tana sayen bakin jama'a, kuma kowace ikilisiya tana bukatar hikimar tambayar inda babbar kyauta ta fito kafin ta yi murna da ita.

Abin da ya shafi iyali a Najeriya

Meksiko tana da nisa, amma hannun ya iso. A watan Maris na 2016 hukumar NDLEA ta gano wata babbar masana'antar haɗa ƙwayar metamfetamin a Asaba, jihar Delta, ta kuma kama 'yan Meksiko huɗu tare da 'yan Najeriya. Jabun magani kuwa tsohon ciwo ne a ƙasar, wanda marigayiya Farfesa Dora Akunyili ta yi yaƙi da shi lokacin da ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci.

Yaron da ke tallar kayan jabu a bakin titi galibi talaka ne mai neman na tuwo, kuma bai cancanci a raina shi ba. Babbar ribar tana wucewa sama, ga wanda ba a gani. Ɓera ba ya sata sai da rami, kuma ramin wannan sana'a shi ne mai saye. Dokar da ta hana sata ta shafi guminsa na mawaƙi da marubuci da mai shirya fim, kamar yadda ta shafi akuyar maƙwabci.

Saboda haka ya kamata iyali su sayi magani a kantin da ke da rajista, su duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Kada matasa su karɓi ƙwaya daga hannun aboki, ko da ta yi kama da ta asibiti. Idan farashin kaya ya faɗi ƙasa fiye da hankali, a tsaya a yi tambaya, gama araha ba ta ado. Inda kuɗi bai kai na ainihin ba, haƙuri ko aro ya fi sayen na sata.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne dalilai huɗu ne suka jawo masu fataucin ƙwaya zuwa kayan jabu? Wanne ne a cikinsu iyali suke da iko a kansa?
2. Waɗanne kayayyaki ne a gida ake shakkar asalinsu, kuma me ya sa aka saye su?
3. Idan wanda ba a san sana'arsa ba ya kawo babbar kyauta domin ginin majami'a, me ya kamata dattawa su yi?
4. Ta yaya za a taimaki matashin da ke tallar kayan jabu ya sami wata sana'a ba tare da an kunyata shi ba?