Tunkiya Guda a Gaban Annabi Dawuda

Ƴan uwa, Suratu Sad ta ba mu labarin mutum biyu da suka kai ƙara wurin Annabi Dawuda (AS). Ɗaya yana da tumaki 99, ɗan uwansa tunkiya guda, amma mai yawan ya nemi haɗe ta, ya kuma fi shi baki. Annabi Dawuda ya hukunta cewa zalunci ne, irin wanda ya yawaita tsakanin abokan tarayya.

Ashe ba talauci ke kawo cin amana ba, rashin wadatar zuci ne. Muridin da ya zauna wazifa, gobe ya ɓoye wa ƙanensa ribar shagonsu, istigfarinsa bai wuce harshe ba. Mu rubuta jari da riba, mu sa shaidu. Allah ya tsarkake zukatanmu.