Sabuwar Busa, Garin Bakin Tabki

Wanda ya tsaya a Wara, cikin ƙasar Ngaski, ya dubi yamma, ba abin da zai gani sai ruwa. Wannan shi ne Tabkin Kainji. Amma a da ba haka wurin yake ba. Kogin Kwara ne kaɗai ke wucewa, da tsibirai a tsakiyarsa, inda Gungawa ke noman albasa.

A shekarar 1964 aka fara gina madatsar ruwa a Kainji, domin a sami wutar lantarki. Da aka gama ta a 1968, sai ruwa ya taru, ya yi baya, har ya zama tabki wanda tsawonsa ya fi mil 80. Ya ci gonaki da ƙauyuka da tsibirai. Mutum wajen 44,000 suka tashi daga gidajen kakanninsu a ƙasashen Borgu da Yawuri. Tsohon garin Busa ma, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, ya nutse.

Saboda haka gwamnati ta gina wani gari a kan tudu, kudu da tsohon, aka kira shi Sabuwar Busa. Sarkin Borgu ya ƙaura can da jama'arsa.

Ba a daɗe ba garin ya cika. Da fari ma'aikatan lantarki suka zauna da iyalinsu. Kana aka kafa ma'aikatar binciken kifi. Da labari ya bazu cewa tabki ya yi albarka, sai Sarkawa da sauran masunta suka yi ta zuwa da jiragensu. Fatake suka biyo su, suna sayen banda suna kai wa kudu. Inda kasuwa ta ci kuwa, ba a rasa maƙeri da tela da mai abinci.

Amma fa bunƙasar nan ba kyauta ta zo ba. Gungawa sun rasa fadamunsu masu albarka. Masunta kuma suka yi yawa, wasu suna kama 'ya'yan kifi da raga mai ƙananan idanu, har kifi ya ragu. Gari ne da tabki ya tara wa jama'a. In ba a tattala tabkin ba, garin ne zai fara jin jiki.

Tambayoyi
1. Don me aka gina Sabuwar Busa?
2. Waɗanne mutane ne suka cika garin?
3. Me ya sa kifi ya ragu?