Wa Zai Yi Jiyyar Masu Jiyya?

Karatu: I Sarakuna 19:1-21, Markus 6:30-32
Aya ta haddacewa: Galatiyawa 6:2
Manufa: Mu koyi yadda Ubangiji ya bi da bawansa da ya gaji, domin mu ma mu bi da masu jiyya na cikinmu hakanan.

Gabatarwa

Da wuya a sami ekklesiyar da babu masu aikin jiyya a cikinta: likita, ko nas, ko ungozoma, ko mai ba da magani a ƙauye, ko mai sharar ɗakin marasa lafiya. Akwai kuma waɗanda ba su da albashi, kamar matar da ta shekara uku tana juya mijinta wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Sa'ad da ciwo ya kama mu, su mu ke nema. Amma in zuciyarsu ta gaji, wurin wa za su?

Aikinsu ba ƙaramin haɗari gare shi ba. A shekarar 1969 wata nas ta asibitin mishan na garin Lassa, mai suna Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka kai ta Jos, ta rasu. Charlotte Shaw wadda ta yi jiyyarta ita ma ta rasu, a 1970 kuma Likita Jeanette Troup ta bi su. Ciwon nan shi a ke kira zazzaɓin Lassa. A 2014 kuma Likita Stella Adadevoh ta hana mai cutar Ebola fita daga asibiti a Ikko domin kada ciwon ya bazu, ita kuwa ta kamu, ta mutu. Ku tuna da abokan aikinsu, waɗanda suka binne su, kashegari kuma suka koma bakin gadajen nan da tsoro a zuciya.

1. Gajiya ba rashin bangaskiya ba ce (aya 1-4)

Iliya bai karai a lokacin da ya ke tsaye gaban annabawan Ba'al a Dutsen Karmel ba, sai bayan da aikin ya ƙare. Ya gudu, ya bar baransa a Biyer-sheba, ya shiga jeji shi kaɗai, ya roƙi mutuwa. Haka ya kan faru ga masu jiyya. Muddin mara lafiya yana hannunsu su kan daure, amma in sun koma gida sai nauyin ya faɗo musu.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar nan da wahalar aiki mai tsawo ta kan kawo, ta ba da alamunta uku: ƙarfin mutum ya ƙare, zuciyarsa ta janye daga aikin har ya ƙi jininsa, aikin kuma ya daina kyau a hannunsa. Saboda haka in nas ta daka mana tsawa, kada mu yi hanzarin cewa ba ta da tausayi. Watakila ta kwana uku ba ta runtsa ba, ko kuwa jariri ya mutu a hannunta da asuba. Labarin zuciya a tambayi fuska.

2. Abinci da barci tukuna (aya 5-8)

Ku lura, Ubangiji bai fara da tsautawa ba, bai kuwa fara da wa'azi ba. Ya bar Iliya ya yi barci. Sau biyu mala'ika ya tashe shi, ya ba shi gurasa da ruwa. Yesu ma ya yi haka: da manzanni suka komo daga aiki, taro kuwa ya hana su ko cin abinci, sai ya keɓe su a jirgi domin su huta. Wanda ya yi jiki ya san jiki turɓaya ne. Idan 'yar'uwa ta fito daga aikin dare ba ta zo sujadar safe ba, kada dattawa su lissafta ta cikin masu ja da baya.

3. Kunnen da ya ke ji (aya 9-14)

A Horeb Allah ya tambayi Iliya abin da ya kawo shi, ya kuwa bar shi ya faɗi kukansa duka. Ya sake tambaya, Iliya ya maimaita maganar nan dai, Ubangiji bai katse shi ba. Mu kuwa, kafin mutum ya gama magana mun ce masa ya yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, amma wanda ba a saurare shi ba, ya kan ji kamar rufe masa baki aka yi. Ku zauna, ku ji, kada ku nemi sanin asirin marasa lafiya, gama amana ce a wuyansa. Abin da ya faɗa muku kuma kada ya zama hira a kasuwa, ko a fake da roƙon addu'a a baza shi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

4. Abokin ɗaukar kaya (aya 15-21)

Iliya ya zaci shi kaɗai ya rage. Allah ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha. Bai sallame shi daga aiki ba, amma bai mai da shi shi kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da za mu yi

Zumuntar mata ta raba kwanaki, a riƙa karɓar mai jiyya a gida ko da yini ɗaya a mako. Matasa su ɗebo ruwa, su yi mata noma. Pasto ya ziyarci ma'aikatan asibiti domin gaisuwa kawai, ba sai yana neman magani ba. Idan kuwa wani ya daɗe ba ya iya barci, ko ya shiga shan giya, ko yana maganar gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai. A yi addu'a tare da shi, a kuma raka shi wurin likita. Neman taimako ba abin kunya ba ne.

Tambayoyi

1. Me ya sa Allah ya ciyar da Iliya kafin ya yi masa magana?
2. Su wane ne masu jiyya a cikin ekklesiyarmu? Yaushe rabonmu da mu gaishe su?
3. Wane kaya ɗaya za mu sauke musu a makon nan, wa kuma zai ɗauka?

Addu'a

Ya Ubanmu, kai da ka ciyar da Iliya a jeji, ka dubi bayinka masu kwana a bakin gadon marasa lafiya. Ka ba su barci mai daɗi, ka ba mu kunnen ji da hannun taimako. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.