Kantin gari da gidan zuma: aikin inuwa ga mata zabiyoyi

Kusan kowane yanki na ƙasarmu akwai zabiya. Kowa ya san su da gani, amma kaɗan ne suka san dalilin hasken fatarsu. Darasinmu na yau a kansu yake, da kuma wata sana'a da ta dace da lafiyarsu.

Mene ne zabiyanci?

A jikin ɗan Adam akwai wani sinadari da ake kira melanin. Shi ke ba fata da gashi da ido launi. Shi ke kare fata daga ƙunar rana. Zabiya mutum ne da aka haifa da ƙarancin wannan sinadari, ko kuma babu shi sam.

Abin gado ne, kuma daga uwa da uba duka biyu yake zuwa. Suna iya zama baƙaƙe wuluk, amma suna ɗauke da irin a ɓoye. In haka ne, a kowane ciki rabon a haifi zabiya kashi 1 ne cikin 4. Saboda haka mijin da ya saki matarsa don ta haifi zabiya ya zalunce ta, domin rabin irin nasa ne. Zabiyanci ba la'ana ba ne, ba aikin iskoki ba ne. Ba a ɗaukar shi ta hanyar gaisuwa ko cin abinci a ƙwarya ɗaya. A wasu ƙasashe, kamar Tanzaniya da Malawi, camfi ya kai ga kashe zabiyoyi don yin tsafi, har gwamnatin Tanzaniya ta haramta aikin bokaye a shekarar 2015. Tun daga wannan shekara ake tunawa da zabiyoyi a duniya ranar 13 ga Yuni. Salif Keita, mawaƙin nan na ƙasar Mali, zabiya ne, kuma duniya ta san muryarsa.

Rana ce babbar abokiyar gaba

A nan ƙasarmu rana ce ta fi yi musu ɓarna. Tana ƙone fata, ta bar tabo da ɓamɓaroki a fuska, da kunne, da wuya, da leɓe. In an daɗe a haka, tabon yana iya zama sankarar fata, wadda ke kashe zabiyoyi da yawa tun da ƙuruciyarsu. Duk gyambon da ya yi makonni bai warke ba, a kai shi gidan likita. Kada a tsaya shafa masa toka ko sassaƙe.

Kariya ita ce malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, baƙin tabarau, da zama a inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma. Akwai kuma man kare rana, mai lamba 50 a jikin kwalba. A shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna na dole. A kula: man kaɗanya yana tausasa fata, amma ba ya maye gurbin man kare rana.

To, ku dubi aikin mace a ƙauye. Noma, itace, ɗaukar ruwa, talla, cin kasuwa, duk a tsakar rana ake yin su. Mace zabiya in ta fita ta ƙone, in ta zauna ta rasa na cefane. Uwar da ke da ɗiya zabiya ita ma haka, domin da goyo take zuwa gona. Shi ya sa ake neman aikin da ake yi ƙarƙashin rufi.

Me ya sa zuma?

Zuma ba ta lalacewa da sauri, ba ta bukatar firji, kuma kullum tana da masu saye. Akwai masu kiwon zuma a yankunan Madarumfa, da Magarya, da Gaya. Maza su ke ɗaura amya a itace, su ke ɗiba. Amma sau da yawa da wuta ake ɗiba, sai ƙudan zuma su mutu, zumar ta yi ƙaurin hayaƙi da toka, a sayar da ita da araha. A nan ne aikin mata yake. Ƙungiya ta sayi saƙar zuma wurin masu amya, ta tace, ta zuba a kwalabe, ta sayar a kanti. Duk wannan a cikin ɗaki ake yin sa.

A sayi saƙar da ƙudan zuma suka riga suka rufe bakinta da kaki, ita ce nunanniya. A ware saƙar da ke da ƙwai da tsutsa. A farfasa mai kyau, a zuba a ƙyalle mai tsabta bisa bokiti, a bar ta ta kwana tana ɗiga a rufaffen ɗaki. Bayan kwana 2 ko 3 kumfa za ta taso, sai a kwashe. Kada a dafa zuma, wuta tana ɓata ƙanshinta da launinta. Kada ruwa ya taɓa ta, ko da na wankin kwalba ne: in ruwan da ke cikin zuma ya wuce kashi 20 cikin 100, tana iya yin tsami. Jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko fetur, ba a sa mata zuma ko an wanke ta sau goma.

Wani lokaci zuma takan daskare, ta yi tsaki-tsaki. Halinta ne, ba algus ba ne. A gaya wa mai saye haka. A kuma gaya masa cewa ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ko lasa ce, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri.

Kakin da ya rage kuɗi ne, kada a zubar. A narka shi da ruwa a wuta kaɗan, a tace, a bari ya huce. Zai daskare a saman ruwan. Ana yin kyandir da man shafawa da shi, maƙeran farfaru da dukawa ma suna nemansa.

Yadda ake kafa kantin

Jari shi ne matsala ta farko, amma matan Nijar sun san hanya. Tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi ya fara a shekarar 1991: mata su haɗu kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, a tara a akwati. Da irin wannan asusu ake iya sayen zumar farko. Ƙungiya ta ƙunshi mata zabiyoyi, da iyayen yara zabiyoyi, da sauran matan gari, don kada a ce kantin wasu ne daban. Ta yi rajista a ma'aikatar magajin gari, ta sami takarda.

Ɗakin ya zama mai rufi, da rumfa a ƙofa. Ban da zuma, a sa abin da gari ke nema kullum: gishiri, sabulu, ashana, sukari. A sa malafa da tabarau.

Akwai abin da ba a son faɗi, amma gaskiya ne: wasu za su ƙi sayen abin ci daga hannun zabiya. Maganin wannan a hannun manya yake. Ran buɗe kanti, mai gari da liman su fara saye, su sha a gaban jama'a.

Bashi kuwa shi ke kashe kantin gari. Ƙungiya ta yanke hukuncinsa tun ran farko. A zaɓi shugaba, da ma'aji, da mai rubutu, kuma kada makullan akwati su zauna a hannu ɗaya.

Ga misalin lissafi. A ce lita 10 ta ci jika 30, kwalabe da kuɗin mota jika 4. An sayar da kowace lita jika 4, an sami jika 40. Riba jika 6 ke nan. A raba ta uku: jika 2 su koma jari, jika 2 na masu aiki, jika 2 su shiga asusun lafiya, don sayen man kare rana ko kuɗin mota zuwa babbar asibiti a Maraɗi, Damagaram ko Yamai.

Yawancin zabiyoyi ba sa gani da kyau, kuma idanunsu sukan yi rawa. Wannan bai hana mace zama mai rubutu ba. A ja manyan layuka a littafin lissafi, a yi rubutu da baƙin biro da manyan baƙaƙe. Ta zauna taga tana bayanta, ta kuma kawo littafin kusa da idonta yadda take so.