Yadda Masana Falaki Ke Tabbatar da Duniyar da Ido Bai Gani Ba

Proxima Centauri ita ce tauraruwa mafi kusa da ranarmu, tafiyar haske ta shekara 4 da 'yan watanni, amma duk da wannan maƙwabtaka ba wanda ya taɓa ganin duniyar da ke kewaya ta. Da hisabi aka san da ita.

Da fari akan auna motsin tauraruwar, domin duniyar da ke zagaya ta tana jan ta, ta ɗan matso gare mu ta koma, launin haskenta yana sauyawa gwargwadon haka. A farkon 2016 Guillem Anglada-Escudé da abokan aikinsa suka duƙufa ga wannan awo dare bayan dare da na'urar HARPS a La Silla ta ƙasar Chile, suka tarar motsin wajen mita 1.4 ne cikin daƙiƙa, wato saurin mai tafiya a ƙasa. Sa'an nan akan jarraba adadin kwanaki ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne ne awon ke maimaituwa a kansa. Kwana 11.2 ya rinjaya.

Daga nan ne tahakiki ke somawa, kuma a ganina nan ne martabar wannan ilmi take, gama mai bincike, kamar alƙali adali, ba ya yanke hukunci sai ya kawar da shubuha. Akan cakuɗa alƙaluman, a rarraba su ga darare ba bisa ƙa'ida ba har sau dubbai, a ƙidaya sau nawa sa'a kaɗai ke haifar da alama mai irin wannan ƙarfi. In abin yana yawan aukuwa, hujja ta faɗi. Bayan haka akan tuhumi tauraruwar kanta, saboda tabon da ke fuskarta yana iya kwaikwayon motsin. Amma Proxima tana juyawa ne cikin kwana 83 ko kusa da haka, wanda bai dace da 11.2 ba.

Tsananin nan yana da dalili. A 2012 an yi shelar wata duniya kusa da tauraruwar Alpha Centauri B, sai a 2015 masana na Oxford suka nuna cewa alamar daga tsarin lokutan awon ta samo asali, da'awar ta rushe.

Saura shaida na biyu, wanda bai ji daga bakin na farko ba. A 2020 aka bayyana cewa na'urar ESPRESSO da ke Paranal, wadda ta fi HARPS kaifi, ta sake awon, ta sami kwana 11.2 ɗin nan daidai.